Inda Wutar Shinge Ke Zurarewa

Litinin, daga gona

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da aiki. Takardarki ta iso ta hannun direban motar madara. Kin ce Baffanki yana kwance a asibiti da ƙari a ciki, za a yi masa tiyata ranar Alhamis ta sama, kuma dangi suna tambaya ko ni ba ɗan gidan ba ne. To, bari in amsa musu ta bakinki.

Gonar nan da suke jin haushin na maƙale a cikinta, fako na same ta. Ni na sare ƙaya, ni na tumɓuke kututture. Ni na haƙa rijiya, gaba goma sha ɗaya. Da saniya biyu na fara da maraƙi ɗaya mai zawo, yau kai arba'in da uku ke kiwo a nan. Turke ɗari tara da goma sha biyu na kafa da hannuna, na ja musu wayar lantarki layi huɗu, ta kewaye gonar tafiyar kilomita biyar. Ko a watan jiya na dasa lemo shida a gefen ɗakin na'ura, da ruwan wankin bokitan tatsa ake ba su, don ni ɗigon ruwa ba ya lalacewa a wurina. Aji uku na yi a sakandare, amma littafin da ya zo da na'urar shingen sai da na haddace shi da ƙamus a gefe, har mutane suka sa mini Injiniya, ba ni na roƙa ba. Ba wanda ya miƙo mini ko guduma. Ba fahariya nake ba, abin da ya faru nake faɗa.

Yanzu ga dalilin da ya hana ni zuwa. Kin san ba ni da katanga, garken katako ma tun da gara ta cinye shi ban sake wani ba. Tsakanin shanuna da kwaltar da tireloli ke gudu a kanta babu komai sai siririyar wayar nan da tsoron da suke yi mata. Na'ura tana bugo wuta sau ɗaya a daƙiƙa, tas, tas. In mita ta nuna bolt dubu takwas, ko baƙin bijimin nan ba ya zuwa kusa. In ta sauko ƙasa da dubu uku, sai su ɗauka ƙuda ne ya taɓa su.

Yau kwana goma sha shida wutar tana zurarewa. Da sassafe dubu takwas cif. Wajen ƙarfe takwas sai ta faɗo dubu ɗaya da ɗari biyar. Da azahar kuma ta koma da kanta, kamar ba ita ba.

Na yanke duk ciyawar da ke ƙarƙashin waya. Na canza robobi sittin da ɗaya, waɗanda ke raba waya da turke. Na duba batir, na goge farantin sola, na zuba wa ƙarafan na'urar da ke kafe a ƙasa ruwa. Na ɗauki ƙaramin rediyona na ajiye shi tsakanin tasha da tasha ina bin shinge, don inda wuta ke tsalle rediyo yakan yi ƙas-ƙas. Sau biyar ina gano matsalar. Na cire busasshen ƙadangare, mita ta hau, na ce shi ke nan. Na cire reshe, ta hau. Ashe azahar ce ta yi, ba ni ba ne. Washegari ƙarfe takwas a koma gidan jiya.

Abin da ya fi ci mini rai, lokacin da ya kamata in nemi matsalar shi ne lokacin da ba ni da halin nema. Daga takwas zuwa azahar ina tsaye a gefen titi da sanda ina korar shanu daga waya, ni da na kafa shinge don kada in ƙara riƙe sanda. In wuta ta dawo, abin da zan nema ya ɓuya.

Kada ki ce in bar wa mai tatsa. Tsoho ne, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, kuma tun ranar da waya ta sumbace shi ta jiƙaƙƙen wando, daga nesa yake gaishe ta.

Ki gaida Baffan naki, ki ce Allah Ya ba shi lafiya. Da na kama matsalar zan zo.

Mahaifinki,
Injiniya

Laraba, daga asibiti

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, ya aiki, ya shanu. Allah Ya ƙara ƙarfin jiki.

Ban karanta wa dangi lissafin turakun ba. Gwaggo ta riga ta haddace shi, ta ce in dai ka fara da fako, a tashe ta in ka iso rijiya.

Baffa ya rame, Baba. Ruwa ma da cokali yake sha. Likita ya ce aikin babba ne, kuma bai ɓoye mana cewa akwai waɗanda ba sa tashi ba. Baffa bai taɓa cewa ina ƙanensa ba. Sai dai duk ranar motar madara zai ce mini, "Mutumin nan na madara ya shigo gari kuwa?" Shi da ko shayi da madara ba ya sha.

Na rubuta takardar jinya na liƙa a bayan ƙofar ɗakin: wa zai zauna da shi, wace rana. Gwaggo, ni, surukinsa, matar marigayi Kawu. Na bar layi ɗaya ba komai a kai. Gwaggo ta ce in ja layi in rufe, wurin banza ne. Na ce a bar shi tukuna.

Maganar shinge. Ka yi haƙuri in faɗa, aikina ne, shekara takwas ina gyaran wuta a masana'anta, kuma a hannunka na fara riƙe filaya. Shingenka waya ɗaya ce tun daga na'ura har ta zagayo, ba makunni ko ɗaya a tsakani. Shi ya sa in ta yi tari a wuri ɗaya sai ka bi kilomita biyar. Ka yanke ta a tsakiya da sassafe, ka jira ƙarfe takwas ka karanta mita. In ta hau, matsalar tana rabin da ka cire. In ba ta hau ba, tana rabin da ya rage. Washegari ka sake raba wannan rabin. Ka daina gwaji bayan azahar, yaudararka take yi.

Na san kana alfahari da cewa wayarka ba a taɓa sa mata almakashi ba. Shekara uku ina cewa a sa makunni kana cewa aikin malalata ne. Yanzu kwana takwas ya rage.

Ina gaida mai tatsa da gwiwarsa.

'Yarka

Lahadi, daga gona

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Na ji maganar Gwaggonki. Ki gaya mata barcin ya yi mata daɗi.

Na bi shawararki. Ranar Alhamis da sassafe na sa filaya na datse layi huɗun nan a bayan tudu, daidai tsakiya. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa yi mata haka, sai da na tsaya na ɗan lokaci kafin hannuna ya yarda. Ƙarfe takwas mita ta faɗi kamar kullum. Wato matsalar tana rabin da ke kusa da gida.

Ranar Juma'a na sake datsewa a wajen rijiya. Ga abin da ba ki sa a lissafinki ba: gefen titi yana cikin rabin da na cire, ba wuta ko kaɗan a can, ni kuma ina tsaye a gida ina jiran mita. Minti goma sha biyar na bar wurin. Ina isowa na hango baƙin bijimin da shanu shida a kan kwalta, suna tsaye suna tuƙa kamar gidan ubansu. Tirela ta taka birki, ƙarar har yanzu tana kunnena. Wata ƙaramar mota da ke bayanta ta kauce ta faɗa kwalbati. Mace ce ke tuƙi, da yara uku a baya. Ba wanda ya ji rauni, Allah ne Ya tsare. Ta fito ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi. Ta dube ni ta ce, "Baba, naka ne?" Na ce nawa ne. Ta ce, "Ƙaramin wata bakwai gare shi." Sai ta koma ta ɗauke shi. Direban tirelar shi ya yi zagin a madadinta, kuma bai rage komai ba.

To ki faɗa mini, in hau mota in zo in zauna a gefen gado, ina kallon agogo ya buga takwas, na san abin da ke faruwa a nan?

Gwajin na Juma'a ya nuna matsalar tana tsakanin gida da rijiya. Turke ɗari biyu da ashirin. Jiya da yau na bi su ɗaya bayan ɗaya da yamma, na durƙusa a gaban kowanne, na shafa kowace roba da yatsa. Ba tsaga, ba tsatsa, ba ciyawa. Aikina ne, na san shi kamar tafin hannuna, kuma ba aibi a cikinsa. Amma yau ma takwas na yi ta faɗi. Gwajin datsewa kuwa ba zan ƙara ba, ba zan sake barin titi ko na minti ɗaya ba.

Da can in na tsaya a tsakiyar gonar nan ina jin tas, tas ɗin na'ura, sai in ji kamar zuciyata ce ke bugawa a waje. Yanzu ji nake kamar mai gadi ne ke zagaya ni da kulki. Shanun suna da wurin fita. Ni ne ba ni da shi.

Kada ki karanta wa kowa wannan.

Mahaifinki

Litinin da yamma, daga gado na huɗu

Auta,

Sallama. Ina gajiya, ya fama da titi. Kada ka yi wa yarinyar faɗa, ba ta karanta mini ba. Ta bar jakarta ta tafi karɓo magani, ni kuma cikina ne ke ciwo, ba idona ba. Na karanta duka biyun.

Na yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ba don matar da yaranta ba, wannan Allah Ya kiyaye gaba. Wurin "ba wanda ya miƙo mini ko guduma" ne ya kama ni. Gudumar ma tawa ce, mai jan mariƙi, amma bar wannan.

Injiniya suke ce maka, ni kuwa mai gyaran famfo ne, shekara arba'in ina bin ruwa inda ya ɓuya. Abu ɗaya na koya: in ka duba duk inda ka sani ba ka ga yoyo ba, to yoyon yana inda ba ka sani ba. Ka ce ka shafa duk aikinka ba aibi. Na yarda, hannunka yana da kyau, ban taɓa musu ba. Saura ka duba inda ba kai ka yi ba.

Na so in ce ka zo ka tambaye ni da bakinka, in ga yadda tambaya take fitowa daga wannan bakin, don tun kana rarrafe ban gani ba. Ko tafiya da aka kama hannunka za a koya maka, fizgewa ka yi ka faɗi a kan murhu, tabon yana nan a haɓarka.

Alhamis ƙarfe goma za su shiga da ni. Sun ce kada in ci komai tun daren Laraba, kamar da can ina ci.

Yayanka

Talata, a kan murfin motar madara

Yaya,

Sallama, ya jiki. Direba yana loda madara, ya ba ni minti goma, ka yi haƙuri da rubutun.

Ba wani wuri a shingen nan da ba ni na yi ba. Na san abin da kake nufi. Shekara goma sha tara ke nan, lokacin da sa ya karya mini ƙafa na yi wata uku a kwance, ka zo ka riƙe gonar. Ban ce ba ka zo ba. Na dawo da sanda na tarar ka kewaye wurin maruƙa da waya ka jona a shingena ba tare da ka tambaye ni ba. A ranar na tumɓuke shi duka, turke goma sha huɗu, da ƙafa ɗaya. Wayar da ka jawo ta sama ni na kwance ta, na naɗe, na ajiye maka a kan babur ɗinka. Ko ƙusa ban bari ba.

Na kuma san abin da na ce maka a ranar. Na ce gonata ba bayan gidan mutane ba ce da za a kira mai famfo. A gaban matata na faɗa, Allah Ya ji ƙanta, ta yi sati ba ta yi mini magana ba. Kai kuma ka hau babur ka tafi, ba ka sake taka gonar ba. A wurin suna da jana'iza muna gaisawa kamar maƙwabta.

Ban kawo wannan don a tone ba. Na kawo don ka san na tuna, kuma na duba wurin, fili ne sai lemo.

Yau kwana ashirin da huɗu. Ƙafar da ta karye ta kumbura saboda tsayuwa. Ina cin abinci a tsaye a bakin titi. Jiya na ga motar haya ta wuce ta nufi wajenku, da kujera ɗaya ba kowa a gaba, yaron motar har ya ɗaga mini hannu. Na bi ta da ido har ta ɓace, saniya tana shinshinar waya a bayana.

In wasa kake, ba lokacinsa ba ne. In kuwa akwai abin da ka sani, ka faɗa. Ban iya roƙo ba, ka fi kowa sani. Wannan shi ne iyakar yadda yake fitowa.

Direba yana danna hon.

Ƙanenka

Laraba, daga gado na huɗu

Auta,

Na ga takardarka. Ya isa, na karɓa. Ban zaci zai kai haka tsawo ba ma.

Shiga ɗakin na'ura. Wayar da ke fita daga na'urar zuwa turken farko tana ratsa bango ta cikin farin fayif, ko ba haka ba? Kullum kana ganinsa. Ka tuna ranar da ka sa shi? Ba za ka tuna ba. Da can rami ne kawai ka huda, waya tana gogar bulo tana tartsatsi in an yi ruwa. Ni na fasa wurin na sa fayif na shafe da siminti. Da ka dawo ba ka cire shi ba, don ya yi kyau, ina jin a hankali ka ɗauka aikinka ne.

Abin da ba ka gani shi ne, a cikin bangon fayif ɗin ba miƙaƙƙe ba ne. Mahaɗa ce mai baki uku, irin wadda muke sa wa ruwa in za mu raba shi gida biyu. Baki na ukun yana kallon ƙasa. Na jona wata waya a nan, na zura ta cikin fayif, na bi da ita ƙarƙashin ƙasa zurfin kamu ɗaya, taku goma sha biyu daga ƙofa zuwa wajen maruƙa. Ɗabi'ar aikinmu ce, ba ma jan layi ɗaya mu tafi, sai mun bar na ko-ta-kwana. Na ce wata rana motar madara za ta tsinke wayar sama, sai ka tone wannan ka jona. Na naɗe bakinta da salatif, na toshe fayif ɗin da murfi da gam, na binne. Ba ta zuwa ko'ina, amma wuta tana cikinta tun ranar, duk bugun da na'urarka ta yi.

Ranar da ka dawo na yi niyyar nuna maka. Har na shirya yadda zan faɗa. Sai ka riga ni magana. A kan babur na tuna, na ce bari ya huce in gaya masa. Kai ba ka huce ba, ni ma ashe ban huce ba. Daga baya na manta da ita ɗungurungum, sai da na karanta cewa ka dasa lemo a gefen ɗakin na'ura ana zuba musu ruwan wanki. Ƙarfe nawa mai tatsa yake gama wanke bokitai? Ƙarfe nawa rana take busar da wurin? Kuma da me ka haƙa ramin lemon?

Rediyonka ba zai ji ta ba, kusa da na'ura ko'ina ƙas-ƙas yake yi.

Laifin nawa ne rabi, na binne abu a gonar mutum ban gaya masa ba. Da matar nan da 'ya'yanta sun mutu, da ni da kai za mu ɗauka. Wannan ya hana ni sukuni tun shekaranjiya, kuma na yi nadamar wasan da na yi maka a takardar farko, na ci maka kwana biyu.

Na san wannan ba za ta same ka ba sai gobe da safe, lokacin ana shirya ni. Kada ka bar titi ka taho, ba abin da za ka yi a nan sai zaman benci. Ka kashe na'ura kafin ka tona, na san ka. Ka gyara, ka jira safiya ka tabbatar. In na tashi, ka zo ka gaya mini yadda gam ɗina ya yi bayan shekara goma sha tara. In ban tashi ba, na yafe maganar bayan gida, dama ba ƙarya ka yi ba, na gyara da yawa. Kai ma ka yafe mini fayif.

Gudumar ka riƙe.

Yayanka

Juma'a da azahar, daga gona

'Yata,

Sallama. Likitan dabbobi ya biyo zai shiga gari, shi zai kawo miki wannan.

Na tona jiya bayan azahar. Ƙarƙashin lemo na uku. Bakin digata ne ya fasa fayif ɗin, tabon yana nan. Murfin da gam ɗin kuwa ko motsi ba su yi ba, sai da na sa zarto. Na raba wayar daga cikin bango. Yau da safe na sa mai tatsa ya zuba ruwan wankinsa duka a wurin, na tsaya da mita. Takwas, dubu takwas. Tara, goma, sha biyu, dubu takwas.

Inda na datse a bayan tudu da wajen rijiya na sa makunni. Mai tatsa ya koyi karanta mita, da doguwar sanda yake riƙe ta, amma yana karantawa.

Ban san abin da ya faru jiya ƙarfe goma ba. Da yamma na hau babur na nufi mararraba inda ake samun sabis, na kai rabin hanya na juyo. Ba na so in ji ta wayar hannu, ko wanne ne.

Gobe zan biyo motar madara. Mahaɗar nan mai baki uku tana aljihuna, akwai wanda ya ce in kai masa rahoto.

Layin da kika bari a takardar bayan ƙofa, a rubuta sunana a kai. Cikakke, yadda yake a katin shaida, da biro ba fensir ba. Daga Asabar har ranar da za a sallame shi, kuma kada a raba mini kwanakin da kowa. In Gwaggonki ta riga ta ja layi ta rufe, ki sake sabuwar takarda.

Mahaifinki